Ƙirjin Baba da Gaisuwar Iya Agba

Ibadan

Gwaggo Sikira,

Ina gaishe ki gwiwa biyu a ƙasa. Ya kasuwa, ya ƙafar kakata Iya Agba? Tunda kin hana ni buga waya, wai kaka tana kasa kunne, ga takarda ta hannun direban Iseyin.

Gwaggo, ƙaninki zai sa mini hawan jini. Duk shekarun da na yi ina jinyar masu ciwon zuciya a asibiti, ban taɓa haɗuwa da majinyaci irin Baba ba. Hutu na ɗauka takanas don in kula da shi bayan tiyatar zuciyar nan. Magani yana sha, gishiri ya haƙura da shi ko da gunaguni. Kullum da safe ina auna shi, in latsa ƙafarsa ko ta kumbura, in duba ɗinki. Wannan duk lafiya lau.

Gaisuwa ce masifar. Sai da likita ya tsaga ƙashin ƙirjinsa kafin ya kai ga zuciyar, sannan ya ɗaure shi da waya, kuma sai ya yi wata biyu kafin ya haɗe. Ko tashi daga kujera ba a so ya dogara da hannu. To jiya tsohon da ya koya masa kafinta ya zo dubiya. Na shiga ɗauko ruwa, ina fitowa na tarar da Baba shimfiɗe rub da ciki, ƙirji a kan siminti, yana kwasar gaisuwa irin ta mazanmu Yarabawa!

Na ce, “Baba, salla ma a zaune kake yi, Allah ya yarda maka!”

Ya ce, “Allah mai rangwame ne, Motunrayo. Dattawa ba su da rangwame.”

Wanda ya yi wa maigidansa haka, me zai yi in ya ga mahaifiyarsa? Don Allah ki riƙe Iya Agba a Iseyin.

’Yarki,
Motunrayo

*

Iseyin

Motunrayo, mai farar riga,

Na amsa gaisuwa. A gaishe da babanki Lamidi, Allah ya ƙara sauƙi.

Ki riƙe ta, ki riƙe ta! Akuya ce da zan ɗaure a turke? Na ce mata Lamidi ya tafi Kwatano sayen katako. Ta ce tunda ta haife shi bai taɓa tafiya ba sai ya zo ya sa ƙirjinsa a ƙasa gabanta. Yanzu amala ma sai ta tsakura ta ture, wai ɗanta ya yi kuɗi ya fi ƙarfin gaisuwa.

Kada ki ce in gaya mata gaskiya. Ke yarinya ce lokacin da aka shiga da kawunki Rafiu ɗakin tiyata, ba a fito da shi da rai ba. Ni na riƙe ta ran nan, na san abin da na gani.

Ba zai yiwu ya yi mata gaisuwar sau ɗaya ba, a hankali, a kan katifa? Ku masu asibiti komai sai kun ce a’a.

Gwaggonki,
Sikira

*

Ibadan

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ko a kan katifa goma ne, a’a. Ba taurin ƙasa ba ne matsalar, saukar da tasowar ne, duk nauyinsa a kan hannu.

Shekaranjiya ya yi tari bai rungume matashin kai a ƙirji ba kamar yadda na koya masa. Tafina yana kan ƙirjinsa, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na kai shi asibiti a guje. Likita ya ce in wayar ta saki, sai an sake buɗe shi, kuma ba kowa ke tashi daga na biyun ba. Ubana ne, Gwaggo, tsoro nake ji.

Shi kuwa a hanyar dawowa har yana tambayata ko ya halatta ya yi gaisuwar da gefe ɗaya. Wallahi na gaji.

Ko ki gaya mata, ko ki sa wa ƙofa kwaɗo.

Taki da ladabi,
Motunrayo

*

Iseyin

Motunrayo,

Gaisuwa a gurguje. Mai kawo mana zare ta ce ta hango Lamidi a barandarku yana shan iska. A gaban Iya ta faɗa.

Motar da ta kawo miki wannan takarda, Iya tana gidan gaba. Allah ya ba ki sa’a.

Sikira

*

Ibadan

Gwaggo,

Na gaishe ki, duk da ban so ba. Ina tsaye bakin ƙofa ina karanta takardarki na ji ƙarar sandarta ta wuce ni.

Baba yana falo. Yana ganinta ya yar da matashi, ya miƙe, ya fara sunkuyawa. Ban san lokacin da na yi tsalle na zube rub da ciki tsakaninsu ba, kamar namiji, na cinye wurin gaba ɗaya. Ko inda zai sa hannu babu.

Iya Agba ta dube ni ta ce, “Oho. Yanzu a Ibadan mata ke kwanciya, maza suna tsaye?”

Daga nan ƙasa na gaya mata komai. Ban tashi ba sai da na gama. Ta matsa, ta ɓalle masa maɓallai da kanta, ta ga ɗinkin tun daga wuya har ciki. Ta bi shi da ido sama da ƙasa. Can ta ce, “Ni ba da ɗinki na haifi wannan ƙirjin ba.” Ba ta suma ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai ce in gaya miki tana nan dawowa, ki tanadi bayanin katakon Kwatano.

Kin zaci shi ke nan? Baba ya zauna yana hawaye kamar yaro, ya rantse gobe da safe sai ya gaishe ta yadda ya saba, ko ƙirjin zai rabe biyu. Ita kuma ta ce nan za ta zauna. Na rasa wanda zan kulle a cikinsu.

Ki sa mu a addu’a.

Motunrayo

*

Ibadan

Gwaggo,

Barka da asuba. Na tashi na shirya faɗa, sai na tarar ta riga ni shiga ɗakinsa, ko saukowa daga gado bai yi ba. Ta tsaya a kansa da sandarta ta ce, “Lamidi, a kwance na same ka. Na amsa gaisuwarka. Allah ya yi maka albarka.”

Ya buɗe baki zai yi gardama, ta ɗora tafinta a kan ƙirjinsa, ta ce gobe ma haka, jibi ma haka, har ƙashin ya haɗe.

Wata guda ina ihu, Gwaggo. Ita kuwa ko murya ba ta ɗaga ba, kuma har na fito rubuta miki wannan ba ta ɗauke hannun ba.

’Yarki,
Motunrayo