Fom ɗin Yabon Kai

Yaya Buba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ruwan Fatakwal? Nan Dutse lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ni dai hankalina ba a kwance yake ba. An kawo sabon tsari a ofishinmu: ba ƙarin albashi sai mutum ya cika fom ya faɗi aikin da ya yi a shekara. Ni da na zaga rugagen Buji da Aujara a babur ina yi wa shanu allura, kunya ta kama ni, na rubuta, "Alhamdu lillahi, an taɓa." Sani abokin aikina kuwa, wanda ba a ganinsa sai ranar albashi, ya cika shafi biyu. Sunansa ya fito, nawa babu.

Na sami Oga, ya ce, "Malam Jibo, takarda muke dubawa, ba gumi ba." Ya ba ni wani fom, in cika in mayar zuwa Juma'a.

Kwana uku ke nan ina ɗaukowa ina mayarwa aljihu. Ka gaida yara, ka sa ni a addu'a. Baffa ko yawan shanunsa bai taɓa faɗa ba, ni ta ina zan fara yabon kaina?

Ƙanenka,
Jibo