Fuskar Yaya a Bangon Makewayi

Daren Laraba, Faskari

Allah ya yafe mani in rubutun nan rashin kunya ne. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Tun da muka gudo daga ƙauyenmu na Sabuwa muka cunkushe a gidan Gwaggo Hajara, a makewayi kaɗai nake samun zama ni kaɗai. Can na zana fuskar Yaya Abdullahi da gawayi a bango. Ba mu da hotonsa, don wayarsa na aljihunsa ranar da 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona. Na rubuta sunansa a ƙasa.

Da la'asar Gwaggo ta fito tana salati.

"Ke Saratu! Sunan Allah a makewayi? Bokon da ake koya maku ke nan? Ɗauki tsumma ki goge mani shi duka."

Gaskiyarta, ban yi tunani ba. Na goge sunan ina istigfari, amma da na kai tsumman goshinsa sai hannuna ya ƙi.

Inna ta ɗauki buta ta shiga, ita da ko sunansa ba ta faɗi saboda ɗan fari ne. Ta daɗe har aka kira magariba. Ta fito idonta jajir, ba ta dube ni ba.

"Kunnensa bai kai haka girma ba," ta ce. Sannan ta juya wajen Gwaggo. "Hajiya, don Allah a bar mani shi."

Gwaggo ta juya ta shige ɗaki. Amma feshin ruwan wanka ya riga ya fara cin haɓarsa. Gobe, in ta yarda, zan ƙara masa gawayi.