Motar Baba Ta Mutu a Bakin Iyaka

Zuwa ga Yaya Mamman, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci da girmamawa. Yaya jikinka, yaya iyali da kasuwa? Mu nan Jibiya lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Yaya, motar da Baba ya bar mana ce ta sa na rubuto. Ranar kasuwa na ɗauko kanwa daga Maraɗi, muna isowa shingen 'yan duwan, wato kwastan, a bakin iyaka sai ta yi tari, ta mutu. Fasinjoji suka tura har suka gaji. A ƙarshe shanu suka jawo ta gida.

Mati makanike ya duba inji, ya ce, "Lawal, zan iya tashe ta, amma ban yi maka alkawarin za ta kai ƙarshen kaka ba." Wani Bamaraɗe kuma yana son ya saye ta don kayan gyara, mu kuma mu cika kuɗin mu sayi sabuwa a Kano. Sai dai cikon nan, gonarmu ta Daddara zai ci.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "A cikinta aka kawo mahaifinku gida daga asibiti. Ita za ku bayar a farfasa?"

Wallahi na rasa abin yi. Da safe in ce a gyara, da la'asar in ce a sayar. Har wurin Bamaraɗen na je, na gaishe shi, na dawo ban yi masa maganar motar ba. Ga kaka ta matso, masu gyaɗa sun fara neman wata motar.

Kai ne babba, abin da ka ce shi za a yi. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Ƙanenka,
Lawal