Kwandon dish ɗinki yana nan, Maman Ladi

Zuwa ga aminiyata Maman Ladi, a duk inda kike.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Baban Ladi da yara da jikokin da na tabbata kin tara. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki, yaya kuma wannan tsadar da ta hana kowa sakat? Idan kin tambaye mu, muna nan Kabo, mun gode Allah. Ni ce Maman Sani, maƙwabciyarki ta gidan da ke jikin na dagaci. Ke kaɗai ce kike kirana haka, don kin san bakina ba ya faɗin sunan ɗan fari, kika ɗauki na biyun kika liƙa mini.

Da hannuna nake rubuta wannan a waya, da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsintar tsaba. Ke kika koya mini karatun boko a kan tabarma, saboda haka duk kuskuren da kika gani, malamar za a tuhuma. Na sa wasiƙar a fili inda kowa zai karanta, don ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Maganar kayanki ce ta taso. Kwandon dish ɗin da kika ba ni ajiya yana nan a tsakar gida, a kan ƙarfensa, inda Baban Ladi ya kafa shi. Sani yana so ya cire shi bayan kaka, zai gina ɗaki a wurin don iyalinsa sun yi yawa. Ya ce zai kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Na ce masa sai dai in bayan raina. A gidan ubana ba a sayar da ajiya, ba a kyautar da ita, sai mai ita ya buɗe baki.

Kin tuna ranar da ya iso? Baban Ladi, malamin lissafi mai gyaran rediyo a gefe, ya sayo shi na hannu a birni, aka ɗauro shi a saman a-kori-kura kamar an ɗauko rufin rumbu. Gidan hayarku bai da fili, sai aka kafa shi a namu, aka ja waya ta kan katanga zuwa gidanku, mu ma aka ja mana tamu. Yara suka biyo motar tun daga bakin kasuwa. Maigidana marigayi Alhaji ya daɗe yana kewaya shi, daga baya ya ce ko ba komai za a shanya kuɓewa.

Daga nan gidanmu bai sake zama shiru ba. Bayan la'asar a fito da talabijin bakin rumfa, mata su cika tabarma, har na ƙauyen Gammo in sun zo unguwa sai sun biyo. Lokacin aikin Hajji ke ce mai nemo mana tashar Makka, ki zauna tare da mu kina kallon ɗawafi, kina tambaya ko jiri ba ya ɗibar mutane. Ran Lahadi in kin dawo daga coci ki shigo da zanen zumuntar mata, kina rera waƙa ƙasa-ƙasa, ki wuce kai tsaye madafi ki buɗe mini tukunya. Kullum maganarki ɗaya ce: miyarki ta yi gishiri, amma zuba mini.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ta zo. Mu muna murna, ku kuna jin labarin abin da ya faru a Kaduna, 'yan'uwanku suna ta aiko muku ku dawo gida. Babu wanda ya taɓa ku a garin nan, ke ma shaida ce. Dagaci da kansa ya tako har ƙofarku ya ce ku zauna, kuna cikin amanarsa. Amma tsoro ba ya jin lallashi. Ban ga laifinki ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba, sai dai na ji haushi, wallahi na ji, har na ƙi taya ki ɗaure kaya.

Motar ta cika, kwandon ya ƙi shiga. Kika riƙe hannuna a zaure kika ce, ki riƙe mini, in ƙura ta lafa zan zo in ɗauka. Ladi tana kuka, tana riƙe da 'yar tsanar da na ɗinka mata. A lokacin babu wayar hannu a Kabo, ban kuma ce ki rubuta mini sunan garinku ba, don mai cewa zai dawo ba a tambayarsa adireshi.

To, ƙura ta lafa tuntuni, Maman Ladi. Jaririn da aka haifa a waccan shekarar, yau shi ma uba ne. Alhaji ya rasu, 'yan matan duk sun yi aure, ɗaya a Gwarzo, ɗaya a Dugabau, babban yaron kuma yana can kudu wurin aiki. Kwandon ya yi tsatsa a gefe ɗaya, mun sauya dikoda ban san sau nawa ba, amma har yau yana kamo tashoshin kyauta garau.

Bara babban ya zo ya sa mini intanet. Wani ɗan akwati ne mai ƙyafta ido, an ɗora shi a saman kwaba, yana aiki da sola. Ya yi mini bayani cewa kamfanin wannan daban, harkar dish daban, babu ruwan wani da wani, kuma wai tunda akwatin ya zo, duk abin da kwandon yake kawowa zan iya gani a waya. Na ce a bar mini duka biyun. In hadari ya taso hoton dish ya ɗauke, akwatin yana nan. In sabis ya gudu, ko wata ya yi nisa ba a sa data ba, kwandonki bai taɓa cewa a biya shi ba. Sun zauna lafiya a gida ɗaya, kowa da hanyarsa, kamar yadda muka zauna.

Amma ki ji abin takaici. Tun da aka sa akwatin nan, jama'a suka dawo gidana, sai dai a bayan katanga. Samari da 'yan mata, har da matan aure masu fakewa da ɗebo ruwa, su jingina da bangon ɗakina don nan waifai ya fi ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Ina jin tarinsu, ina jin dariyarsu. Babu mai zagayowa ya yi sallama. Rannan na dama fura na fita da ita, suka karɓa da hannu ɗaya, ido na kan waya. Na dawo na zauna gaban talabijin ni kaɗai, tabarmar da take ɗaukar mata goma na naɗe rabinta.

Na yi zaton akwatin zai nemo mini ke, don an ce babu wanda ba ya ciki. Na buɗe wurin nema, aka ce in rubuta cikakken suna. Nan na yi turus. Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ke kika riƙe ni ranar haihuwar autata, amma ban san sunanki na yanka ba. Wa zai kira babbar mace da sunanta gatsau? Mijinki kuma Malam Lissafi duk garin ke ce masa. Na rubuta Maman Ladi, aka jero mini mata kamar ranar kasuwa, masu sayar da atamfa, masu sayar da turare, babu mai wushiryarki. Na je makarantar da ya koyar, aka ce ɗakin takardun ya zube tun wata damina.

Shi ya sa ran Lahadi nake komawa ga kwandonki. Akwai tashar da take nuna matan zumunta suna waƙa da Hausa, da zanensu iri ɗaya da tulun da suke bugawa. Ina rage murya, in matso kusa, in bi fuskokin layi-layi. Matar Sani ta taɓa shigowa ta gan ni, ta yi salati, washegari magana ta zaga unguwa wai Hajiya ta fara kallon coci. Na ce su faɗi abin da za su faɗa, sallata tana nan inda take, ƙawata nake nema. Sau ɗaya na ga wata a layin baya mai irin tsayinki, na miƙe tsaye har ƙafata ta bugi kwano, kafin in ƙara dubawa an juya hoton.

Sani ba mugun yaro ba ne, ɗakin yana bukatarsa, yaransa a zaure suke kwana. Ya ce in dai an same ki kika ce kin bar mini, shi ke nan, magana ta ƙare. Don haka duk wanda ya karanta wannan, in ya san wata Ladi da aka haifa a Kabo, mai tabon ƙunar ruwan zafi a hannun hagu, uwarta mai wushirya, ubanta malamin lissafi, don Allah ya kai mata.

Ke kuma, in wasiƙar nan ta iso gare ki, ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki aiko a waya ki ce kin bar mini. Na san halinki, haka za ki ce, kina dariya. In kika faɗa, za a cire shi kafin sati, kuma babu sauran abin da zai kawo ki Kabo. Zumunci a ƙafa yake. Ki zo da kanki ki ɗauki kayanki, ki buɗe tukunyata ki ce ta yi gishiri.

In kuma kin riga ni tafiya, to Ladi ta zo, ita ce magajiya, zan damƙa mata hannu da hannu.

Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya ba ki lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sassauta mana wannan zamani. Allah Ya sa in sauke wannan amana da raina, Ya haɗa fuskokinmu kafin a kai gero rumbu.

Taki har kullum,
Maman Sani,
gidan da ke jikin na dagaci, Kabo. Ƙofar tana nan inda kika san ta.