Zarancin Gabi da na Madarumfa

Madarumfa, watan kaka, 1947

Zuwa ga Yaya Ɗanjuma a Kumasi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka Inde. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara maka albarka a fataucin goro. Mu nan kalau muke, gero ya yi kyau, Inna ma ta samu sauƙin ƙafarta. Malam Hamisu ne ke rubuta mini, kuma na ce kada ya rage ko kalma ɗaya.

Labarin ɗan'uwanmu Lawali nake so in ba ka. Ka san tun da ya dawo daga yaƙin Nasara, shekara biyu ke nan, bakinsa bai buɗe ba sai a salla. Kullum yana gindin gawo yana gyaran komarsa ta kamun kifi. An yi rubutun sha, an kai shi wajen likita a Maraɗi, duk a banza. Inna har ta fara cewa za ta mutu ba ta sake jin muryarsa ba, ni kuwa maganar tana ci mini rai.

To, ka tuna Zaranci? Yaren nan da Lawali ya ƙago muna yara, na mutanen tauraruwa Zara, masu yawo cikin kwalekwalen ƙarfe da ke tashi sama ba fiffike, masu noma ba ruwan sama. Ni na koya wa 'yata Jummai. Ashe 'yar'uwarmu Hajara ma, da ta yi aure garin Gabi, ta koya wa tata 'yar, Hauwa. Ranar Laraba suka zo taya mu sussuka. Da hantsi muna tsakiyar aiki, sai Jummai ta gaishe da Hauwa da Zaranci, ta ce "kilobam", a gajarce kamar yadda muka saba. Hauwa ta amsa tana jan maganar ta hanci, sai ka ce akuya ta ga dusa. Jummai ta fashe da dariya, Hauwa ta fashe da kuka.

Ka san halina, ban iya shiru ba. Na ce mutanen Gabi sun ɓata mana yare. Hajara ta ajiye taɓarya ta ce nata ne na asali, mu ne muke gutsure magana don saurin masunta. Mu biyu, da furfurarmu, muka tsaya muna jera kalmomi: yadda ake kiran wata, da kifi, da kwalekwalen kansa. Ko ɗaya ba mu dace ba. Har Inna ta fito tana cewa ba mu da kunya.

Sai muka ji murya daga gindin gawo, a dishe. Lawali ne, ko kai bai ɗaga daga komarsa ba. Ya ce, "Ku bar gardamar ga. Can Zara ma tabki gare su kamar mu. Na gefen rana ƙasarsu zahi gare ta, shi ya sa suke sauri. Na gefen inuwa ba su da gaggawa." Duk muka juya gare shi. Hauwa ce, da hawayenta, ta tambaye shi ko iri biyun ne ke nan. Ya ce akwai na uku, na waɗanda kwalekwale ya kai nesa ƙwarai, suka dawo harshensu ya yi nauyi. Ya ce su ma Zarawa ne, a yi haƙuri da su. Inna ta zauna a ƙasa tana kuka tana hamdala, ni ma na yi kukan, ban ɓoye ba.

Yanzu yana magana kaɗan-kaɗan, jiya har ya ce miyata ba gishiri. Ban taɓa jin daɗin zargi irin wannan ba.

Inna tana sa maka albarka. Hajara da 'yan matan suna gaishe ka. Ka gaida uwargidanka Yaya Balaraba da yara, da Baba Tanko mai masaukinku. Lawali ma ya ce a gaishe ka, kuma da bakinsa ya faɗa.

Ƙanwarka mai begenka,
Inde