Kujerarmu ta Tafi da Ajin Hausa

Greensboro, Amurka, Oktoba 2004

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan ƙafar nan ta daina damunki, ruwan bana kuma bai ɓata miki dankali ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Nicodemus yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum, jikarki Nanven kuwa ta yi tsawo har ta fara satar takalmina.

Kin tuna na yi miki alkawari cewa in mun zo Jos baɗi Nanven za ta yi hira da ke da Hausa? Da nauyin zuciya nake gaya miki abin ya lalace. A gida in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa. A ajin Hausa na ranar Asabar na ƙungiyarmu ta masu jin Hausa kaɗai take buɗe baki, saboda ƙawayenta. Yawancin 'yan ƙungiyar mutanen Nijar ne masu Faransanci, mu 'yan Najeriya masu Turanci 'yan kaɗan ne, amma tun farko an bar mana kujera ɗaya a kwamiti. Wani ɗan ƙasarmu, Choji, shi ne a kai, shi ke tsare mana ajin.

Sai shugabanmu, Alhaji Boukari, ya ce a daina raba kujeru ta ƙasa, a raba ta unguwa: Glenwood, Sedgefield da cikin gari. Choji ya gane illar nan take, don mu a warwatse muke, ko'ina sun fi mu yawa. Amma kin san tarbiyyar gida, ba a musu da dattijo a gaban jama'a. Ya ce to, da niyyar ya bi Alhaji gida su yi magana a asirce. Nan kuwa ba a jiran wannan. A take aka ɗaga hannu, abu ya zama doka. Na ji haushin Choji ƙwarai, amma ni ma ina wurin, kuma ban hana ba.

Aka yi zaɓe, Choji ya faɗi a Glenwood. Sabon kwamiti ya mayar da ajin na Faransanci, wai don 'ya'yansu su iya karatu in sun koma Yamai. Ba mugunta ba ce, Mama, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na je wurin Alhaji, ya karɓe ni da shayi, ya ce kwamiti ne kaɗai ke iya sauya dokar. A kwamitin kuwa ba mu da kowa.

Ki gaishe mini da Baba Dauda, da Anti Confidence, da ƙanena Eli. Ki ce wa Eli kada ya yi nisa lokacin zuwanmu. Shi zai zauna tsakaninki da jikarki yana yi muku fassara.

'Yarki mai kewarki,
Angelina