Shafi Na Arba'in Da Ɗaya

Gidan Marubuta, 3 ga Yuni

Anti Corliss,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwa, ya zafin Detroit? Na yi miki laifi, ki yafe ni. Shekara huɗu kina ce min kada in nemi zaman gidan nan, rubutuna bai nuna ba tukuna. Bana na nema a ɓoye, sai ga shi sun ɗauke ni! Wata biyu cur ba tuƙin bas, ba fasinjan da zai zage ni. Mu shida ne, duk baƙaƙen mata, an karɓe wayoyinmu an zuba a kwando. Ɗakin kudu aka ba ni. A nan zan gama littafina a kan Mama, da shekara arba'in ɗin da ta yi tana gyaran gashin mamata kafin a kai su coci.

'Yarki,
Lavonne

9 ga Yuni

Lavonne 'yata,

Ina amsawa, gwiwa da sauƙi. Na taya ki murna, ko da yake ya kamata ki shawarce ni. Ɗakin kudu akwai danshi, a cikinsa na zauna shekara uku da suka wuce. Ki roƙa a canza miki. Littafin nan na kan tebur kuma, wanda kowace baƙuwa ke barin saƙo ga mai zuwa bayanta, kada ki ɓata lokaci a kansa. Surutu ne kawai.

Malamarki,
Corliss Mabry

15 ga Yuni

Anti,

Ina gaishe ki, don Mama ta koya min gaida manya. Ɗakin garau yake, ba danshi. Da ba ki hana ni ba, da ban buɗe littafin ba. Shafi na arba'in da ɗaya rubutunki ne, da jan biron da kike yi min gyara: "A ɗakin nan na fara littafin mai gyaran gashin mamata. Wata ɗalibata ce ta kawo min labarin uwarta. Direbar bas ce, ba za ta taɓa gamawa ba."

Na nuna wa Odessa, maƙwabciyar ɗakina. Ta cire tabarau ta ce, "Ke 'yar uwa, wannan malamarki ce ko ɓarauniyar unguwarku?" Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace min.

Shekara bakwai, duk Asabar ina kai miki babi laburare da kayan aiki a jikina. Har matajin ƙarfen Mama na ba ki aro, kika ce kina son jin nauyinsa a hannu. Ashe abin da ya sa kike cewa rubutuna bai nuna ba ke nan. Kin cuce ni, Anti.

Lavonne

22 ga Yuni

'Yata,

Da fatan kin huce. Littafina zai fito a watan Maris. Na canza wa mamarki suna, na mayar da ita garin Memphis, ba mai gane ta. Shekarata sittin da takwas, littattafaina biyu ko a shagon gwanjo ba a tambayar su. Ke kuwa yarinya ce, wani labarin zai zo miki. Zan gode miki a shafin farko.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki yage shafin nan kafin masu gidan su gani. Tsakaninmu ne.

Mai ƙaunarki,
Corliss

28 ga Yuni

Malama Mabry,

Ban yage ba. Ran Lahadi, bayan abincin rana, na karanta wa kowa shafinki, har da masu gidan, sannan na karanta babina na farko. A ƙarƙashin rubutunki na ƙara layi biyu: "Sunanta Earline Tubbs, a Detroit ta rayu. 'Yarta tana ɗakin nan, tana babi na goma sha tara."

Ƙanwata za ta zo karɓar matajin.

Ki huta lafiya.
Lavonne Tubbs